Makullin Ɗakin Farfesa Duba-Dai Yana Hannunmu

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Ɗaliban Digiri na Biyu da na Uku ta Sashen Falsafa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, babbar Farfesa, shugabar zauren bincikenmu, wadda kowa ya sani da laƙabin Duba-Dai, bayan jinyar wata biyu.

Shekara ashirin da shida marigayiya ta yi tana koyar da finominoloji, wato falsafar duban abu yadda ya bayyana, irin na magabatan farko, masu cewa kowane abu yana da haƙiƙarsa, ko ka so ko ka ƙi. Duk Talata takan ajiye tsohon kofinta mai tsaga a tsakiyar tebur, ta hana kowa buɗe littafi sai ya faɗi abin da idonsa ya gani. In ka fara jero sunayen masana, sai ta ƙwanƙwasa tebur ta ce, "Ɗana, ba haddarka na tambaya ba, duba dai!" Babban bincikenta a kan alkawari ne. Takan ce da zarar an furta shi kuma an ji, to ya zama kaya a wuyan mai shi, ba ya sauka don ra'ayinsa ya sauya.

A gefen gadonta na asibiti, gaban mijinta da ƙanwarta, Mai Girma Shugaban Tsangaya ya yi mata alkawarin cewa ɗalibanta huɗu za su kammala digirinsu na uku a wannan fanni, a ɗakin bincikenta. Kwana biyu da rasuwarta, sai ga takarda daga ofishinsa: wai a miƙa makulli za a mai da ɗakin sito, ɗaliban kuma su nemi wani fannin. Ɗayarsu babi ɗaya tak ya rage mata bayan wahalar shekara biyar. Haba, ranka ya daɗe! Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya bai wa mijinta, 'ya'yanta da 'yan uwanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Makulli kuwa ba za mu bayar ba. Talata ƙarfe goma za mu buɗe ɗakin, mu ajiye kofin a inda ta saba. Mun tanadar wa Shugaban Tsangaya kujera. Darasin ranar a kan alkawari ne, kuma shi zai fara.

Sa hannu:
Babban Ɗalibin Marigayiya,
Kakakin Ƙungiya