Na Shaida Cewa Kwanonta Cike Yake Zuwa

Assalamu alaikum Malam Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku daga Zangon Kumasi, da fatan takardata ta same ku lafiya. Don Allah kada a nemi sanin sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni. In zagin ne ma na riga ku, kullum sai na yi wa kaina. Ku yi haƙuri da rubutuna, a ajin manya na koyi boko. Da hannuna na rubuta, domin in na zauna gaban mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya na faɗa masa wannan magana, kafin la'asar duk Zango ta ji.

Ni mai sayar da koko da ƙosai ce, mijina kuma dakon goro yake yi a kasuwa. Katangarmu ɗaya da wata mata da ta girme ni, zan kira ta Yaya Ladi ko da yake ba sunanta ba ne. Tun ina amarya, ban san kowa a layin ba, ita ta fara ƙulla ciyayya da ni. Kun dai san yadda ake yi: kowace yamma ta zubo abin da ta dafa a kwano ta kawo, in juye, in zuba nawa ta koma da shi. A lokacin mijinta babban ɗan kasuwar goro ne, kwanonta da nama yake zuwa, nawa kuwa miyar kuka ce da daddawa, wani lokaci ko mai babu. Ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Amma gaskiya Yaya Ladi akwai jin kai, irin matan nan ne da ko ruwa za su sha sai sun shimfiɗa tabarma. Ina son ta, ina kuma jin haushin tafiyar nan tata ta a hankali kamar ƙasa za ta yi mata godiya, duka biyun suna cikina tun da daɗewa.

Sai goron mijinta ya ruɓe a hanyar Arewa, abin hannunsa ya ƙare. Kunyar zama a Zango ta hana shi sakat, ya tafi haƙar zinariya can kudu, tun daga nan ko gaisuwa ba a sake ji daga gare shi ba. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar, Binta, ba a daɗe da yaye ta ba. Wata yamma ta shigo da kwanon kamar yadda ta saba, na ɗaga faifan da ke rufe, na ga babu komai, an wanke shi fes. Har na buɗe baki zan yi mata tsiya cewa tsufa ya fara, sai na ga katanga take kallo ba ni ba. Ta ce, "Ƙanwata, ki zuba ki rufe. Kuma ki rantse mini da Allah babu mai jin wannan." Na rantse. Tun daga ranar haka muke yi. Takan ratso layi da kwano a rufe, har da tsumma a ƙarƙashi kamar mai zafi, tana gaisawa da mutane, ta shigo in cika mata ta koma. Abin da ita da yaran suke ci ke nan, sai ɗan abin da wankau ya kawo mata, shi ma a ɓoye take yi.

Bana kun san abin da ya sami masara. Cuta ta cinye gonaki, matan Asante da ke kawo mana ita daga ƙauye suka daina zuwa, wadda ta zo kuma farashinta sai ka riƙe baki. Tukunyar kokona ta koma rabi, daga baya wata rana in dama wata rana in zauna. Ana cikin haka aka yi shela gwamnati ta kawo masara da za a sayar wa gidajen da ba su da hali da araha ƙwarai, kowane mako a auna musu, kuma an bar wa dattawan kowace unguwa su zaɓi gidajen. Dattawanmu sun san halin mutanensu, sun san ɗan Zango ba zai buɗe baki a zaure ya ce yunwa yake ji ba. Don haka suka ce ba za a tambayi mai gida ba, maƙwabcin katanga za a tambaya, shi ya san hayaƙin da ke tashi da wanda ba ya tashi. Suka kuma ja kunne cewa duk wanda aka kama da shaidar ƙarya za a cire gidansa, rabon ya koma wani layi.

A layinmu aka zaɓi waɗanda kowa ya sani, makaho da tsofaffi, sai gurbi ɗaya ya rage. Maƙwabciyata ta ɗaya gefen ta riga ta shaida cewa tukunyata ta yi sanyi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Saura gidan Yaya Ladi, wanda shaidarsa a bakina take. Aka kira ni zauren mai unguwa da hantsi, na durƙusa daga bakin ƙofa. Liman ne ya yi tambayar, tsoho ne da ya ɗaura mini aure. Ya ce, "'Yata, gidan Ladi fa? Ana ɗora tukunya?" Na ce duk layi shaida ne, kwanonta bai taɓa fashin zuwa gidana ba. Sai ya ce, "Cike?"

Na ce, "Cike, Baba."

Jama'a, me ya hana ni cewa ban sani ba? Me ya hana in ce mace ce da ba miji a gida, a duba ta? Wannan ai bai taɓa rantsuwata ba. Na daɗe ina gaya wa kaina wai amana na riƙe, wai asirinta na rufa. Ƙarya nake yi. A durƙushen nan buhun masara nake gani, da tukunyata tana tafasa da asuba, da mutane a layi da kwanoninsu. Mijina yana da aiki, ko ba yawa yana shigo da wani abu. Mu ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ciniki ne kawai ya tsaya. Kuma, Allah ya yafe mini, akwai wani ɗan daɗi da na ji can ƙasan zuciya, cewa yau dai mai tafiyar a hankali a hannuna take. Aka ba gidana gurbin. Masarar da aka ce ta ci ce ba ta sayarwa ba, fiye da rabinta tukunyar koko ta shiga.

Na lallashi kaina da cewa ai ba ta rasa komai ba, zan riƙa danna mata tuwo fiye da da. Na kuwa yi. Ta riƙa karɓa tana sa mini albarka, tana cewa Allah ya ba ni maƙwabci irin kaina. Tuwon masararta nake zuba mata tana yi mini godiya. Amma kwano ɗaya da yamma ina zai kai baki uku? Wankau ma ya tsaya, wa ke ba da wanki alhali bai ci ba? Ina gani gashin Binta ya fara yin ja yana laushi, ƙafafunta suka fara kumbura, ta zama mai kuka daga safe har yamma. Katangarmu ta ƙasa ce, komai ina ji, ina dama koko ina ji.

Asirin ya fito ne a wurin suna. Muna zaune cikin mata, sai matar mai unguwa ta juya ga Yaya Ladi da zuciya ɗaya tana yabonta, wai mijinta ya ba ta labari a zaure an shaida cewa duk da wannan tsada, ba miji a gida, kwanon Ladi cike yake fita kullum, irin matan da ake so ke nan. Mata suka yi ta sa albarka. Yaya Ladi ta yi murmushi ta ce alhamdu lillahi. Sau ɗaya ta dube ni, ba harara ba, kallo kawai, sannan ta ci gaba da ɓare goronta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma ta shigo kamar kullum. Da na karɓi kwanon sai hannuna ya yi ƙasa, don ban shirya wa nauyi ba. Na ɗaga faifai: wake da shinkafa ne, da mai, har da kifi a kai. Na ce Yaya, mene ne haka? Ta ce, "Kin faɗa gaban liman cewa cike yake zuwa. Ba zan bari ƙanwata ta zama maƙaryaciya ba." Na kama zaninta ina kuka, na ce ta zage ni, ta mare ni, ta kai ni gaban dattawa. Ta zare zaninta a hankali ta ce in juye, tana sauri. Na juye, na ɗauko ludayi zan zuba mata nawa, sai ta dafe bakin kwanon da hannu ta ce ba sai na zuba ba, sun ƙoshi. Ta rufe shi haka nan babu komai, ta sa tsummanta a ƙasa, ta fita tana gaisawa da mutanen layi.

Tun daga ranar kwano cike yake zuwa, ya koma wayam. Da me take saye? Tasoshin aurenta da ke jere a bango ta fara sayarwa, ɗaya bayan ɗaya, na ga wasu da idona a hannun dillaliya a kasuwar Adum. Daga nan zannuwa, daga nan gadon ƙarfe. Abin da ya kamata ya shiga cikin yaranta shi take dafawa ta kawo wa nawa. Na auna masara na miƙa ta kan katanga, da safe na same ta a ƙofata ko ƙwaya ba a taɓa ba. Na kira yaran su zo su sha koko, babbar ta tsaya daga nesa tana haɗiyar yawu ta ce Inna ta hana. Na ce to ta daina kawowa, na yafe ciyayyar, ta ce ita ta ƙulla, ita za ta kwance, kuma in na rufe mata ƙofa za ta tsaya a waje da kwano har layi ya tambayi dalili. Mijina bai san komai ba. Yana cin abincinta yana lashe hannu, yana cewa da alama mijin Ladi ya fara aike. Ni ba na cinsa, zubarwa kuma ba na iyawa, sai in zauna ina kallon 'ya'yana suna ci.

Kada ku ce in je wurin dattawa, na je har ƙofar zauren na juyo. In na faɗa, na karya rantsuwa, na kuma tsiraita ta gaban Zango bayan ta sayar da duk abin da ta mallaka don ta rufe. Gidana za a cire, rabon ya bar layinmu gaba ɗaya, ba ita za a ba ba. Abin da ya fi wannan ma, na san ta. In aka kira ta za ta gyara mayafi ta ce a aika a buɗe kwanon a gani, za a kuwa same shi cike. Ƙaryar da na yi ta mai da ita gaskiya da hannunta, gaskiyar da zan faɗa yanzu ita ce za ta zama ƙarya. Ina zan bi? Na yi azumi, na yi sadaka da kokon, na daina karɓar kuɗin talakawa a tukunya, duk bai sa loma ɗaya a bakin Binta ba. Ni dai ban ga ƙofa ba, na rubuto ne don kada in haukace ni kaɗai.

Kwanakin nan na daina jin kukan Binta ta katanga. Da farko na ji sanyi, na ce ko ta samu sauƙi, sai jiya na leƙa na gan ta kwance a tabarma ido buɗe, ƙuda na sauka a fuskarta ba ta korewa. Na ce Yaya, don girman Allah mu kai ta asibiti, ni zan goya ta. Ta ce haƙori ne, zai wuce.

Yau da la'asar ta zo. Zanin jikinta shi ne wanda take wanki da shi, ban taɓa ganin ta fita da shi layi ba. A kwanon akwai ɗan tuwo da bai fi tafin hannu ba, babu miya, amma da zafinsa. Da ta juya za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Ban san me zan sa gobe ba, ƙanwata. Amma zai zo."

Ga tuwon nan a gabana ina wannan rubutu, ya huce, 'ya'yana suna jira in ce su ci. Jama'a, don Allah, me zan yi?