Wa Ke Buga wa Surukinsa Ƙararrawa?

Azare, bayan kaka, 1954

Zuwa ga Goggo Yelwa, Zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da dukan mutanen gida. Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da fatake suka ba mu labari. Mu nan sai godiyar Allah. Gero ya yi kyau, wake ne dai ya ba mu kunya. Matata Ya Gana ta yaye Larai, yarinya har ta fara ɓarna. Ɗanki Maigida kuwa lafiyarsa ta fi ta kowa, wuyansa har ya yi kauri, kuma a kansa ne na ɗauki alƙalami.

Goggo, tun tafiyarki kekuna sun cika ƙasar nan, haɗari kuma ya yi yawa a hanyoyin ƙauye. Yau a ture 'yar Fulani da ƙwaryar nononta, gobe a firgita raƙumi. Shi ne hukumar En'e ta kafa doka: kowane keke sai da birki da fitila da ƙararrawa, a shafa farin fenti a bayansa, a bi hannun hagu, in an hango mutum ko dabba a buga ƙararrawa tun daga nesa. Aka kuma ce ana neman mutum guda da zai riƙa bin kasuwanni yana koya wa jama'a, yana duba kekuna yana ba su lamba. Da na ji sai na ce tsuntsu daga sama gasasshe. Wa ya riga ni hawa keke a unguwarmu? Maigidan ma ni na koya masa, ina riƙe da sirdi ina bin sa a guje yana kiran sunanki.

Aka fitar da mu gwaji, ni da Maigida, a hanyar Katagum, ma'aikacin En'e da 'yan doka suna kallo. Maigida ya fara tashi. Can gaba ga wani dattijo a kan jaki a tsakiyar hanya, ya danna masa ƙararrawa, dattijo ya kauce yana gunaguni, Maigida ya wuce abinsa. Na taso a bayansa, sai da na matso na gane rawanin. Malam Bunu ne, uban Ya Gana, ya koma tsakiyar hanya. To ke ki faɗa mini, wane ɗan halak ne zai buga wa surukinsa ƙararrawa kamar yana korar akuya? Ban iya kiran sunansa, ban iya ɗaga masa murya, ban kuma iya wuce shi a kan keke ba tare da na sauka na durƙusa ba. Ina cikin wannan shawara rairayi ya ja tayar gaba, na zube a gindin jaki. Jaki ya yi tsalle ya kayar da Malam, hannunsa ya goce. Da na so ƙasa ta tsage in shige.

Aikin dai Maigida aka ba. Yanzu yana da kaki da sabon keke mai fitilar da taya ke kunnawa, yara na bin sa suna kiransa Sarkin Keke. Daga Gamawa har Jama'are ba kasuwar da ba a shimfiɗa masa tabarma. Ba zan ɓoye miki ba, hassada nake yi masa, in na ji ƙararrawarsa a ƙofar gida tuwo ba ya wuce mini. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni dai na gaji da yi masa takin. Abin da ya fi ƙona mini rai, shi da ya yi rashin kunya aka sa masa albarka, ni da na yi kunya na koma abin dariya. Malam da bakinsa ya faɗa a masallaci cewa gara yaron da zai dame ka da ƙara da wanda zai faɗo maka shiru saboda ladabi.

Ga inda gizo ke saƙa. Keken da ba shi da lamba ba ya hawa hanya, ni kuwa da shi nake kai goro kasuwanni, da shi gidana ke ci. Lambar nan a hannun Maigida take, kuma sai mutum ya hau ya nuna a bainar jama'a ranar kasuwa. Na roƙe shi ya gwada ni a bayan gari, ya ce doka ba ta san taubashi ba. Na yi niyyar in roƙe ki ki sa baki, sai jiya Ya Gana ta dawo daga gidansu da saƙo. Wai Malam ya ce shi da kansa zai hau jakinsa ya tsaya a hanya ranar gwajin, in buga masa ƙararrawa kowa ya ji, ya yafe, don sauran masu surukai su daina jin nauyi. Na tambaye ta wa ya kawo wannan shawara, ta ce Maigida. Dabara ce mai kyau, Goggo, kuma kyanta shi ya fi ci mini rai. Na sayi ƙararrawar na ɗaura, amma ko a zaure ni kaɗai, in na tuna fuskar Malam sai yatsana ya ƙi motsi. Ki sa ni a addu'a, domin kasuwar jibi ce.

Ki gaishe mini da Baffa Kawu da Inna Asma'u da su Jalo. Ya Gana tana gaishe ki ƙwarai. Maigida ma ya ce in isar da tasa gaisuwar, ga ta nan na isar, don amana ce.

Ni ne ɗanki mai biyayya,
Bappayo