Wuta Biyu a Ƙofar Taramniya

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
Farkon Yuni, 2023

Zuwa ga angona Umar Faruk,

Tun kafin gaisuwa riƙe wagga: alƙali ne, ba rawani, ba littafi. Ya tsaya tsakanin masu husuma biyu hannuwa a buɗe, bai ce uffan ba, shari'a ta mutu. Wane ne? Kai ke da digiri, ni ajin yaƙi da jahilci kaɗai na zauna, to mu gani. Kada ka yi gaggawa, amsar ma ba ta nuna ba tukuna.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, alhamdu lillahi. Ya Inugu, ya bautar ƙasa, ya ruwan sama? An ce ka yi ƙiba. In gaskiya ne, to wata ke dafa maka, kuma zan ji sunanta. Na ba Mode direban tirelar shanu wagga takarda, don da na ɗauki waya sai duk matan gida su zo tsintar wake a ƙofar ɗakina.

Ka san tun zaɓen shugaban ƙasa gidanmu ya rabu: babanka ɗan lema, ƙanensa baffanka Jafar ɗan tsintsiya. Ni na ce masu damina na tafe, duka biyun ina so. Da anka faɗi sakamako babanka ya ce an yi masu ƙwace, na'urar zaɓe ta yi gum, kotu za ta maido masu da abinsu. Jafar ya ce kuka ne kawai. Duk da haka har azumi ya wuce kwanonsu ɗaya a zaure, suna gardama tuwo na hucewa.

Ranar Litinin da anka rantsar da sabon shugaba abin ya ɓaci. Jafar ya ɗaure tsintsiya biyu a babur kamar ƙahon sa, ya bi ayarin murna har Mabera. Can mai ya ƙare mashi, ga gidajen mai sun rufe don an ce tallafi ya tafi. Da ƙafa ya turo babur har gida, gumi har cikin takalmi. Babanka na kan dakali da rediyo da kofin shayi, ya dube shi ya ce, "Sannu da cin zaɓe, ranka ya daɗe." Ni kaina sai da na shige ɗaki na yi dariyata.

Maimakon ya sha ruwa ya huta, Jafar sai ya kwance tsintsiya ɗaya ya hau sharar gaban yayansa, wai ragowar datti yake kwashewa. Ƙasa ta faɗa cikin shayi. Ka san zuciyar ubanka. Ya miƙe gaban mutanen unguwa ya ce wallahi tallahi wutarsa ba ta ƙara haɗuwa da ta Jafar sai ranar da kotu ta yi hukunci. Jafar ya ce shi ma ko ashana ba ya roƙo.

Washegari na iske murhu biyu a tsakar gida. Uwarka Ashatu na girki nan, Bahijja matar Jafar can, suna miƙa wa juna gishiri a ɓoye kamar 'yan fasa-ƙwauri. Ni kuma kwano biyu ake kawo mani, kowa na leƙen wanne na fi ci. Ina cinye duka don adalci. In ka dawo ka iske amaryarka ta cika ƙofa, siyasa ce.

Ragona na layya, Baƙin-Kunne, yana gaishe ka. Dusa da harawa sun karɓe shi, har tunkuyar bango yake.

Ka riƙe salla, ka rage kallon 'yan mata. Na bar ka lafiya.

Matarka ta fari,
Inna Mariyatu

*

Ƙofar Taramniya
Jajibirin Babbar Salla

Zuwa ga angona,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, ya jiki, ya kewar gida? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan tawa da ke ba ni labarin ruwa tun hadari bai haɗu ba.

Saƙonka ya iso. Ka ce alƙalin limami ne, in ba shi ba sikelin mahauta. Duka ka faɗi. Asarar kuɗin makaranta!

Ka ce abokanka na can ba su gane yadda muke gashin layya ba. Ka ce masu mu Sakkwatawa tareni muke. A feɗe rago, a buɗe shi, a ɗaure shi a kan sanduna biyu da anka gitta, a kafa shi tsaye kamar mai shirin rungumar baƙo. Wuta guda ake hurawa a ƙofar gida, raguna su kewaye ta, su wuni suna shan zafi har mai ya tsane. Tun ina amarya haka na iske marigayi kakanka yana yi. Wuta ɗaya, ragon kowa a gefenta, har na maƙwabcin da ba ya da itace.

To bana tarin itace biyu ne a ƙofar gidanmu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Kotu kuwa can Abuja ana ta kawo shaidu, an ce sai bayan damina, ƙila ma a wuce gaba. Na roƙi Malam Sahabi limaminmu ya sa baki. Babanka ya ce rantsuwa ce, kuma unguwa ta ji. Jafar ya ce ba shi ya fara ba. Malam ya sha furata ya tafi.

Umar, bari in aje wasa kaɗan. Jiya na leƙa na ga itacen nan biyu. Goyo ɗaya na yi wa babanka da Jafar da zane ɗaya. Waɗanda suke faɗa dominsu ko sunan unguwarmu ba su sani ba. Abin da ke tsorata ni, in anka yi salla ɗaya da wuta biyu, baɗi ba sai an yi rantsuwa ba, ya zama al'ada. Ni kuma ban san sallolin da sunka rage mani ba. Ba na son in je in iske kakanka ya tambaye ni wutarsa in rasa ta cewa.

Yau da safe kowannensu ya zo a ɓoye yana lallashina in ba shi Baƙin-Kunne ya gasa a wutarsa. Kowa na ce mashi to. Kada ka ce na yi ƙarya, jira ka ji.

Ka yi mana addu'a a filin idi, in akwai shi can. A gaida Mode in bai juyo ba.

Taka har kullum,
Inna

*

Ƙofar Taramniya
Bayan salla

Zuwa ga angona, mai bakin cin nama,

Assalamu alaikum, barka da salla. Da fatan ka yi ta lafiya, ko da dai na san doya ka ci. Mu nan lafiya lau, sai dai hula da gemu da anka yi hasara, za ka ji.

Da anka sauko idi babanka ya yanka mani ragona, Jafar ya feɗe, ba mai kallon wani. Kowa ya hura wutarsa, ya jera ragunansa. Sai na fito da kujerata da mayafina na zauna bakin zaure. Na ce alkawari na yi wa mutum biyu, kuma rago gaba da baya ne da shi. Na sa anka kafa shi tsakiya cif, cikinsa na kallon wutar babanka, bayansa na kallon ta Jafar. Na ce kowa ya gasa rabonsa, amma wanda ya gusa mani rago ko da taki ɗaya ban yafe nonona ba.

Ka ga inda na kafa shi, zafin kowace wuta ba ya isowa. Har azahar raguna na ta tsiyayar mai, nawa fari fat kamar ya fito wanka.

Sai na dogara sandata na zaga wajen babanka, na taɓa haƙarƙari na ce, "Ayya, ba komai, ɗanye ma ana ci. Gefen ƙanenka dai har ya fara ja." Nan take ya jawo ƙaton gungume ya aza ta wajen ragona. Na zaga wajen Jafar na ce, "Ashe mulki bai iya gashi ba? 'Yan adawa har sun fara ƙamshi." Ya ce, "Inna, wallahi yau sai kin ga aiki." Ya turo garwashinsa gaba da shebur.

Haka na wuni ina kai gulma tsakanin 'ya'yan cikina, Allah Ya yafe mani. Mutanen unguwa sun gane, sunka taru suna zuga. Wannan ya matso da itace, wancan ya matso. Ashatu da Bahijja na bayan ƙyaure sun toshe baki da gyale. Kowa idonsa na kan naman, ba mai duba ƙasa.

Bayan la'asar kitsen ya narke ya zubo. Ji kake fuu! Wutar gabas da ta yamma sunka kama juna ƙarƙashin ragona, gindin sanda ya ci, rago ya karkata zai faɗi. Na ƙwala ihu, wanga karo ba na wasa ba. Ragon tareni ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Babanka ya cafki sanda ɗaya, Jafar ɗaya, babanka na cewa, "Ɗaga, ɗan banza, ɗaga!" Jafar na cewa, "Yaya, hularka!" Hular nan mai hoton lema ta faɗa wuta, rabin gemun Jafar ya bi ta. Sunka fito da rago sunka tsaya riƙe da shi suna haki, fuska baƙi ƙirin. Jafar ne ya fara dariya. Babanka ya cije, ya cije, da ya dubi rabin gemun nan sai ta ƙwace mashi har da hawaye.

Can ya waiwaya ya ga wuta ta zama ɗaya, ya ce, "Inna lillahi, rantsuwata!" Malam Sahabi, da ke cikin 'yan kallo tun ɗazu, ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ya ƙara da cewa kuma shi shaida ne, babanka da hannunsa ya turo itacen, ba wanda ya tilasta shi. Babanka ya dube ni. Ni kuwa ina ta gyaran mayafi.

Kafin magariba an kwaso ragunan duka an kewaye wuta guda, har da na maƙwabta. Washegari Ashatu da Bahijja sunka dafa abincin kaffara a tukunya ɗaya, murhu na biyu kuma na sa an aza mani tulu a kai.

Kada ka ce sun daina. Yanzun nan ina jiyo su a zaure, babanka na cewa kotu za ta ba da mamaki, Jafar na cewa ya ci tuwo kafin mamakin ya iso. Amma kwanon ɗaya ne. Ni ce dai na yi hasara, an koma kawo mani kwano guda.

Kowa na gaishe ka. Ka dawo da wuri kafin in samu wani mijin. Allah Ya yi maka albarka.

Kakarka mai sonka,
Mariyatu

Af, amsarka. Alƙalin nan ragona ne, Baƙin-Kunne. Cinyarsa ɗaya ta ƙone, ɗayar an soya, tana cikin gwangwanin da Mode zai miƙa maka.