Cokali Biyu a Ruwan Zuma

Scarborough,
9 ga Yuni.

Zuwa ga Yayana Clive,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da Noreen, gwiwar nan taka kuma ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Na ji sanyi ya kama ku a New Zealand. Mu nan ruwa ya hana maigidana Gordon yanke ciyawar bayan gida, sai tsayuwa a taga yana mita. Kowa lafiya, ni ce dai hankalina a tashe, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa.

Na ga saƙonka na murnar kofin tanis da Harriet ta ci, kunya ce ta hana ni amsawa. Ka san yanzu ita ce ta huɗu a matan ƙasar nan, har 'yan jarida sun fara tuna mana cewa rabon 'yar ƙasarmu da kofin Wimbledon tun 1977, kamar 'yata ce ta hana. To a makon gasar mura ta kama ta, ta zo ta sauka a gida tunda filin ba nisa. Ta gargaɗe ni kada in ba ta komai sai lemon tsami da zuma a ruwan zafi. Ni kuwa da na ji tarinta, na ce yaran zamani da iyayi, na ɗauko maganin murar Gordon ina zuba mata cokali biyu a ruwan zumar a ɓoye kowace safiya, har ranar wasan ƙarshe. Ta ce zumar bana da ɗaci, na ce harshenta ne. Da ta ci wasan, masu gwajin ƙwayoyi suka ɗebi fitsarinta kamar yadda aka saba, ni ina can ina rabon kek.

Ran Talata na shiga kantin magani ina cika wa Misis Pargeter mai kantin baki cewa haɗina ne ya ci kofin. Da na faɗi sunan maganin sai ta daina dariya, ta ce Doreen, kin kuwa san yana cikin waɗanda aka haramta wa 'yan wasa ranar gasa? Yaya, sai da ta ba ni kujera. Lallai rashin sani ya fi dare duhu. Dokarsu ba ta tambayar wa ya ba ka, abin da aka samu a jikinka naka ne. Za a iya ƙwace kofin a dakatar da ita, ga shi saura mako uku Wimbledon, gayyatarta ta farko. Kai ka rage mata mariƙin raket ɗin buga tanis da zarto tana 'yar shekara biyar, ka san abin da yarinyar nan ta zuba a wasan nan. Tsoro nake ji.

Gordon ya ce in ja bakina in yi shiru, wataƙila cokali biyu ba zai nuna ba. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ran Alhamis na gaya wa Harriet. Da ta yi mini tsawa da na fi samun sauƙi. Kwalbar kawai ta ce in kawo, ta ɗauki hotonta, ta kira kocinta da lauya, suka kai rahoto da kansu. Ta ce ta san tausayi ne ya sa ni. An ce sakamakon gwajin sai nan da kwana goma, kuma duk sanda wayarta ta yi ƙara sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne.

Yau da safe na haɗa mata shayi kamar kullum. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce na gode Mama, ta fita baya da shi. Ta tagar kicin na ga ta tsiyaye shi a gindin furen Gordon, a hankali don kada in ji. Sannan ta shigo da murmushi ta ce ya yi daɗi, ni kuma na ce madalla.

Ka sa mu a addu'a ran Lahadi. Ka gaida Noreen, da ɗanka Alastair da matarsa, da 'yar jikarka Fern. Gordon yana gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Doreen