Kunyar Sabiru

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Inna da jama'ar coci a Zango? Ni lafiya lau, sai ɗan rashin barci.

Sabiru, ɗan maƙwabcinmu da muka zo Aljeriya tare, ya gurɗe ƙafa wurin gini. Mai aikin ya ce in rabu da Sabiru ya ba ni shugabancin leburori, in ba haka ba gobe ya kore mu duka biyu. Kada Inna ta ji.

Na tuna maganarka ranar gayya: wanda ya gama noman kunyarsa ya zauna, ɗan'uwansa na baya, ba shi da kunya. Almasihu bai bar mu baya ba.

Ku sa mu a addu'a. Na ɗaure kayanmu, mu biyu.

Ɗanku,
Istifanus