Ku Cire Fuskata Daga Shafinku

Zuwa ga masu kula da shafin haɗa aure na intanet da ake yayi a yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ban san sunayenku ba, ban san inda buronku, wato ofishinku, yake ba, shi ya sa na rubuto a fili. Sunana Ramatu, 'yar Illela, bana na gama makarantar ungozoma. Abin da na gani ko na ji da kaina shi zan faɗa. Wanda ban tabbatar ba, zan ce ban tabbatar ba.

Na ɗaya. Ban taɓa yin rajista a shafinku ba. Amma akwai wata "Hajiya Fati, likita, mai neman miji nagari" a ciki, kuma fuskarta tawa ce. Hoton na ranar da muka karɓi difilom ne, takardar gama makaranta, ina sanye da farar riga. Ni na ɗora shi a salulata don ƙawaye su taya ni murna. Wanda ya kwashe shi daga nan ban san shi ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Na biyu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutum uku suka yi sallama a ƙofar gidanmu da ƙunshin goro. Babana ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kai ruwa. Daga Badaguishiri suka zo: wani manomin albasa da matarsa ta rasu ta bar masa yara, tare da baffanninsa biyu. Ya ce tun rani muke magana, na hana shi kira don wai babana mai tsanani ne, sai rubutu kawai. Ya ce ya sayar da albasarsa ya aika mini kuɗin kayan aure, daga nan na yi shiru. Da shirun ya yi yawa sai ya zo ranar kasuwa yana nuna hoton, har wani ɗan kabu-kabu ya gane ni ya kwatanta masa gidanmu.

Aka kira ni. Ban taɓa ganin mutumin ba. Ya dube ni ya ce, "Haba Fati, ko kunyar tsofaffi ba ki ji?" Na ce ba sunana ba ne. Sai ya miƙa wa Baba salularsa, ɗaya daga cikin baffannin ya shiga karanta saƙonnin da ƙarfi. Akwai kalmomin da ba zan iya maimaitawa ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya mayar musu da goronsu, ya ba su haƙuri. Manomin kuwa, ba na jin haushin bawan Allahn nan. Ina kallo ya ɗaure goron a bayan babur, suka tafi.

Na uku. Babana bai san intanet ba. Abin da ya sani, hoto ba ya zuwa hannun namiji sai an ba shi. Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Ya ce, "Wannan ce lakwal ɗin, makarantar da na kai ki?" Ya sauke hotona na difilom daga bangon ɗakinsa, inda shi da kansa ya buga masa ƙusa. Tun ranar, in na gaishe shi, kai kawai yake ɗagawa. Matan da ke turo mini gaisuwa suna cewa in na fara aiki ni zan karɓi haihuwarsu, yanzu in na wuce sai hira ta tsaya.

Na huɗu. Na danna wurin kai ƙara a shafinku. Amsa ta zo da Faransanci cewa wannan rajista ba ta saɓa wa dokokinku ba. Na sake. Kuka ce in aiko da hoton katin shaidata don ku tabbatar ni ce. Ita da ta ɗauki fuskata, wane kati kuka tambaye ta? Ban aika ba, tsoro nake ji. Na je wurin jandarma, sun saurare ni sun rubuta, sun ce bayanin wanda ya buɗe rajistar yana hannunku.

Don haka ina roƙonku, don Allah: ku rufe rajistar nan, ku miƙa wa jandarma abin da kuka sani game da mai ita. Kada ku ƙara karɓar hoto sai kun ga mai shi yana magana. Sannan ku yi sanarwa da murya, da Hausa, cewa Ramatu ba ta taɓa shiga shafinku ba. Baba ba ya karatun boko, amma yana ji.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya sa albarka a halalinku, ya tsare 'ya'yanku mata daga ranar da na gani. Kafin in sa hannu na ari salular ƙawata na duba shafinku. Wani ɗigo kore yana haske kusa da fuskata, wai ina kan layi. Ban san da wane namiji fuskata ke magana yanzu ba, ban kuma san ranar da zai iso ƙofar Baba da goro ba.

Wassalam.

Ramatu, Illela.