Ɗakin da Baba yake gina mini

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya zafin Agadas? Ina fatan maiɗakinka da yara suna lafiya. Mu nan Dakoro lafiya lau, gero ya shiga rumbu, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, Baba ya fara gina mini ɗaki kusa da naka, wai kada lokacin aurena ya zo ba a shirya ba. Da kansa yake yin tubali, duk da ciwon bayan nan nasa. Ni nake kwaɓa masa ƙasa. Bai san cewa tun kafin damina nake shawara da firist ɗin da ke zuwa daga Maradi yana yi mana misa a coci ba. Zuciyata ta karkata ga zama firist, ka kuwa san namu na Katolika ba sa aure. Firist ɗin ya ce in ci gaba da addu'a, amma in fara faɗa wa iyayena.

Ranar Asabar na yi niyyar faɗa wa Baba. Zan buɗe baki ke nan sai Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Yusufu, ina kake son ƙofa ta duba?" Na ce gabas. Ya yi dariya ya ce, "Madalla, jikokina su riƙa shan hantsi." Ranar ko tuwo na kasa ci.

Ka gaishe mini da kowa. Ka sa ni a addu'a, Allah ya buɗe mini baki. Kwanon rufin da ka yi alkawari kuma, don Allah kada ka saya tukuna. Gini har ya kai taga.

Ƙanenka,
Yusufu